Takardar ƙin benaye a bakin tasha: in sa hannu ko in bari?

Zauren Hausawan Boston da kewaye

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema, a yi mini haƙuri da tsawon rubutu.

Jiya bayan la'asar maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Tsohuwa ce Baturiya, ta haura saba'in, mijinta ya rasu. Tun da muka tare a unguwar nan a 2019 ba mu taɓa ganin sharrinta ba. Ita ce ta kawo mana kek ranar da muka sauke kaya, ni kuma duk ranar da dusar ƙanƙara ta zuba ni nake kwashe mata ta bakin ƙofa. Ta zo da takarda maƙale a jikin ɗan allo, da biro ɗaure da zare, wai in sa hannu. Garinmu zai kaɗa ƙuri'a kan sabon tsari da zai ba da damar gina benayen haya, hawa uku zuwa huɗu, a tsakiyar gari kewaye da tashar jirgin ƙasa. Su kuma sun kafa ƙungiya sun ce atafau ba su yarda ba. Har da irin allon nan da ake kafawa a gaban gida ta riƙo mini.

Na ce mata ina azumi, kaina ba ya ɗaukar karatu, ta bar mini takardar zuwa Talata. Ga ta nan manne a jikin firij.

Zuciyata ta rabu biyu. Daga gidana zuwa tashar minti bakwai ne a ƙafa. Duk abin da na tara a ƙasar nan yana cikin gidan nan, kuma saura shekara 24 in gama biyan bashinsa. Ajin Ilham ya riga ya cika, da safe kuma layinmu ba ya biyuwa saboda masu sauri su kama jirgi. Amma kuma ban manta shekara tara da na yi ina haya ba. Me kuke gani?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Yaya, kai ne kuwa? Kai da muka taya sauko da katifa daga hawa na uku a Dorchester? To, Allah Ya kyauta. Bari in tashi daga aiki, amsarka tana nan tafe.

Alhaji na Randolph:
Baban Ilham, sa hannu ka huta. Shekarata 37 a jihar nan ta Massachusetts, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda ke zaune a majalisar jiha a Beacon Hill suna rubuta doka ba su san faɗin titin unguwarku ba, ba su san shekarun bututun ruwanku ba. Kuma wane jirgi ma ake magana? Wanda a 2022 ya kama da wuta a kan gadar kogin Mystic har wata mata ta yi tsalle ta faɗa ruwa? Wanda aka rufe layin Orange ɗungurungum har kwana 30? Su gyara jirgin tukuna, sannan su zo su ce mutane su zauna babu mota.

Injiniya:
Ranka ya daɗe Alhaji, a gafarce ni, zan ɗan saɓa maka. Kafin a sa hannu ko a ƙi, gara a san abin da dokar ta ƙunsa, don rabin abin da ake rubutawa a allunan nan ba ya cikinta.

Ana kiranta dokar MBTA Communities. Gwamna Charlie Baker ne ya sa mata hannu a Janairun 2021, kuma shi ɗan Republican ne, don haka kada wani ya ce aikin jam'iyya ɗaya ne. Ta shafi garuruwa 177 waɗanda sufurin MBTA, wato hukumar jirage da bas ta yankin Boston, ke kaiwa gare su ko suke maƙwabtaka da masu shi. Birnin Boston kansa ba ya ciki. Abin da ta nema shi ne kowane gari ya ware aƙalla yanki ɗaya inda mutum zai iya gina gida mai sassa da yawa ba sai ya je roƙon izini na musamman ba, a kan ma'aunin sashe 15 a kowace eka. In garin yana da tasha, yankin ya taɓo cikin rabin mil daga tashar. Kuma ba a yarda a ce na tsofaffi ne zalla ba, dole ya dace da mai iyali. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba banza aka sa shi ba: garuruwa da yawa sun daɗe suna amincewa da gidajen 'yan shekara 55 zuwa sama kawai, don kada a kawo musu yara makaranta.

Inda ake rikita mutane shi ne lissafi. Garuruwa 12 masu jirgin cikin gari an ce su ware wurin da zai iya ɗaukar kashi 25 cikin ɗari na yawan gidajensu. Masu jirgin nesa irin garinku kashi 15, maƙwabtansu kashi 10, ƙananan ƙauyuka kashi 5. Sai a rubuta a allo, “Gidaje dubu da kaza na zuwa!” Alhali dokar ba ta tilasta a aza ko bulo ɗaya ba. Lissafi ne na a ce an share yankin tas an sake gini daga tushe, sassa nawa zai ci. Mai shagon da ba ya son sayar da shagonsa ba wanda zai taɓa shi.

Sashe 15 a eka kuma ba wani dogon bene ba ne. Gidajen katakon nan masu hawa uku na Dorchester da Mattapan, waɗanda yawancinmu a cikinsu muka fara sauka, cikowarsu ta wuce haka. Yau a mafi yawan garuruwan kewaye, in ka ce za ka gina irinsu, dokar gari ta hana ka.

Baban Ilham:
Na gode Injiniya. To in muka ƙi fa? Ita maƙwabciyata cewa ta yi mutanen garin Milton sun ƙi kuma ba abin da ya same su.

Injiniya:
Ba ta ba ka labarin har ƙarshe ba. A Disambar 2023 wakilan taron gari na Milton sun amince da tsarin. Masu adawa suka tara sa-hannu, irin wannan da ke jikin firij ɗinka, suka tilasta a yi ƙuri'ar raba gardama. An sa ta ranar 13 ga Fabrairun 2024, hasashen guguwar ƙanƙara ya sa aka ɗaga zuwa 14, kuma kusan kashi 54 suka ce a'a. Ba a yi mako biyu ba gwamnatin Gwamna Maura Healey ta janye tallafin dala 140,800 na gyaran katangar bakin ruwa, Antoni Janar Andrea Campbell kuma ta maka garin a kotu. Ranar 8 ga Janairun 2025 Kotun Ƙolin jiha ta yanke hukunci: dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, kuma Antoni Janar tana da ikon tilasta bin ta. Abu ɗaya Milton suka samu, kotu ta ce ƙa'idojin aiwatarwa ba a bi hanyar da ta dace wajen fitar da su ba. Cikin mako guda gwamnati ta sake fitar da su a matsayin na gaggawa, ta ba waɗanda suka makara wa'adi zuwa 14 ga Yulin 2025. Shi ya sa ka ga garinku yana rawar jiki yanzu.

Alhaji na Randolph:
Injiniya, ka faɗi naka, bari in cika maka. Me ya sa mutanen Milton suka fusata? An sa su a layi ɗaya da Cambridge da Somerville, an ɗora musu sassa 2,461, wai suna da jirgin cikin gari. Wane jirgi? Taragon Mattapan, guda ɗaya tal yake tafe, ƙirar shekarun 1940, layin gaba ɗaya bai kai mil uku ba, sai ka sauka a Ashmont ka sake hawa wani. Wannan ne daidai da layin Red, babban jirgin cikin gari? Sannan da aka zo zana taswira, kaso mai tsoka aka jibga wa East Milton da Granite Avenue, gefen babbar hanya, nesa da taragon ma. Unguwannin manya masu faffaɗan fili aka lallaɓa su. To ina maganar tasha a nan?

Kuma a Fabrairun 2025 ofishin mai binciken kuɗi ta jiha, Diana DiZoglio, ya ce wannan doka nauyi ne aka ɗora wa garuruwa ba tare da an ba su kuɗin ɗauka ba. Ba ni na faɗa ba.

Injiniya:
Maganar East Milton gaskiya ce Alhaji, ba zan musa ba. Sai dai taswirar ba jiha ce ta zana ba, garin ne da kansa. Kuma haka ake yi kusan ko'ina: a nemi wurin da masu murya ba sa zaune a tura musu. Wasu garuruwan ma wayo suke yi, su zana yankin a kan benayen da aka riga aka gina, a takarda sun cika sharaɗi, a ƙasa ba abin da zai motsa. Baban Ilham, kafin Talata ka buɗe taswirar garinku ka ga ina aka shafa wa launi.

Ɗan Zongo (Worcester):
Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Kullum ina ɗaukar fasinja a Quincy Center, a ƙofar sababbin benayen nan masu gilashi da wurin motsa jiki da wurin wankan kare. Wa a cikin zauren nan zai iya biyan hayarsu? Ni da nake tuƙa Uber awa goma sha biyu ko ƙofar ba na kallo. Mutane suna gudowa daga Boston zuwa Worcester, mu kuma haya tana korar mu daga Worcester. In za a gina wa masu kuɗi ne, mene ne nawa a ciki da zan yi faɗa a kai?

Injiniya:
Ɗan uwa, kai ne ma ya kamata ka fi kowa ganewa. Ka tuna 2021, lokacin da kamfanonin mota suka rasa 'yan na'urorin nan na lantarki, sababbin motoci suka yi ƙaranci? Nawa aka koma sayar da tsohuwar Camry? Kai ba sabuwa za ka saya ba, amma da mai sayen sabuwa ya rasa, sai ya sauko kasuwarku ya fi ku tayi. Haka gida yake. Yarinyar da ke aiki a kamfanin magunguna a Kendall, in ba ta samu benen gilashi ba, hawa na biyu na gidan katako a Dorchester za ta nema, kuma mai gida ita zai zaɓa.

Amma ƙorafinka yana da tushe. Dokar ba ta tilasta a ware sassa masu rangwame ba. Ta dai bar wa gari damar ya ce kashi 10 su zama na masu matsakaicin samu, in yana son fiye da haka sai ya kawo lissafin da zai nuna ginin zai yiwu. To wanda ya damu da talaka, wannan ne abin da zai je taro ya nema.

Baban Ilham:
Injiniya tsaya. Ɗazu ka ce mini kada in damu, takarda ce kawai, ba lalle a gina komai ba. Yanzu kuma kana ce wa Ɗan Zongo ginin ne zai sauko da haya. Wanne za mu ɗauka?

Alhaji na Randolph:
Yauwa! Allah Ya yi maka albarka. Ka tambaye shi Lexington. A 2023 suka yi rawar kai suka ware fili fiye da abin da aka nema, kamfanoni suka yi musu ca, aka shigar da takardun gina sassa sama da dubu. A 2025 sai ga su suna neman yadda za su rage yankin. Needham ma a Janairun 2025 jama'a suka fito suka yi watsi da babban tsarin da wakilansu suka amince da shi. Duk waɗannan mahaukata ne?

Injiniya:
Kun kama ni, na karɓa. Gaskiyar ita ce za a gina, amma a hankali, kuma ya danganta da yadda aka zana. Inda aka ware fili na gaske kamar Lexington, gini zai zo da sauri. Inda aka yi wayo, ba abin da zai zo. Ni ra'ayina a gina. Gwamnati da kanta a Fabrairun 2025 ta ce jihar nan na buƙatar ƙarin gidaje 222,000 nan da 2035, kuma ba daga sama za su faɗo ba. Bai kamata in lallashe ka da cewa ba abin da zai canza ba. Zai canza. Filin ajiye motocin da ke bayan tasharku wata rana bene zai zama.

Maman Sadiq:
To na iso gida, na sha ruwa, yanzu bakina ya buɗe.

Alhaji, da girmanka, taragon nan da kake rainawa shi nake hawa kullum. Mai ruwan lemo ne, yana ƙara kamar keken ɗinki, yana ratsa tsakiyar maƙabartar Cedar Grove, da asuba sai ka ga kaburbura ta taga kana ta salati. Tashoshi huɗu yake da su a cikin Milton. Ka zo ƙarfe biyar da rabi na safe ka ga su wa ke ciki: masu kula da tsofaffi, masu shara a asibiti, masu girki a makaranta. Ba wanda ya taɓa ce mana ba jirgi ba ne sai da aka ce a gina gidaje kusa da shi.

Yaya Baban Ilham, bari in ba ka labarin aikina. Wata tsohuwa nake kula da ita a ɗaya daga cikin garuruwan nan masu tasha, ba zan faɗi suna ba. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi. Tarago, jirgi, wani jirgin, sannan tafiyar ƙafa. Awa ɗaya da minti arba'in in komai ya tafi daidai. Ni nake mata wanka, ni nake juya ta a gado, ni na san ƙwayar da take sha da safe da ta dare. Gida ne mai ɗaki biyar, ita kaɗai a ciki. A gaban gidan an kafa allo, wai a ceci garinsu. Kullum ta gefensa nake wucewa da jakata in shiga. 'Yarta da ta kafa allon ba a jihar ma take zaune ba, ita da bakinta ta ce mini ba za ta iya sayen gida a garin da aka haife ta ba.

Bara na ce bari in nemi haya a can in huta da wannan sintiri, Sadiq kuma ya samu makaranta mai kyau. Wata biyu ina dubawa. Ɗaki biyu da falo guda uku kacal na gani a duk garin. Wanda na je gani, mu goma sha ne a layi a kan matakala. Kuɗin watan farko, na watan ƙarshe, na ajiya, da la'adar dillali, hayar wata huɗu ke nan a dunƙule kafin a miƙo maka makulli. Na juyo.

Ba na cewa maƙwabciyarka muguwa ce. Tsohuwar da nake wa aiki ma ba muguwa ba ce, tana ajiye mini dabino tun da ta ji ana azumi. Amma suna son hannunmu a cikin gidajensu, ba sa son ƙofarmu kusa da tasu. Kai kuma Allah Ya buɗa maka ka shiga, yanzu an miƙo maka sakata an ce ka taya su rufewa.

Ɗan Zongo (Worcester):
Kai! Hajiya, a yi masa sassauci, azumi ake.

'Yar Damagaram:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, tsara birane nake karantawa, kuma wannan ne abin da muke kwana muna tashi da shi, don haka ku ba ni dama in sa baki.

Kalmar da za ka fi ji ranar taron ita ce a kare “kamannin gari”. Kalmar tana da tarihi. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta hana birane raba unguwanni da sunan launin fata ƙarara. A 1926 kuma, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, ta halatta raba su da irin ginin da za a yi, kuma a cikin hukuncin alƙalin ya kwatanta benen haya a unguwar masu gida ɗaiɗai da abin da ke manne wa wani yana tsotsarsa, kaska ke nan a Hausance. Daga nan ba sai ka ce ba ka son wane ba. Ka ce kawai kowane gida sai ya zauna a kan eka guda, kuma iyali ɗaya tak. Farashi zai yi maka sauran aikin. Mu da muka fito daga ƙasashen da Turawa suka yi mulki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dokar Lugga ta 1917 a Najeriya ta sa a bar fili yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, aka ce don sauro ne.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar Baban Ilham. Malamai uku a Jami'ar Boston sun bi bayanan tarukan hukumomin tsara gari a garuruwa 97 na yankin nan, suka duba su wa ke tashi su yi magana kan sabon gini. Waɗanda suka goyi baya ba su wuce kashi 15 ba. Kuma masu maganar sun fi sauran jama'ar gari yawan shekaru, yawancinsu masu gidan kansu ne, waɗanda suka daɗe a wurin. Dalili a fili yake. Wanda ginin zai tsare wa rana ya san kansa, yana da adireshi, zai zo. Wanda zai zauna a ciki nan da shekara huɗu bai ma san da zancen ba, wataƙila yana cikin taragon Maman Sadiq a lokacin da ake taron.

Alhaji na Randolph:
'Yata, karatunki ya yi kyau, Allah Ya ƙara basira. Amma kada a shafa mana baƙin fenti. Ni baƙar fata ne. Maƙwabcina na dama ɗan Haiti ne, na hagu ɗan Vietnam. Randolph cike take da benayen haya tun kafin a haife ki, mun ɗauki namu kason har da na wasu. Abin da nake cewa, duk lokacin da aka zo da irin wannan, garuruwan masu hali su ɗauki lauyoyi su zille, mu da ba mu da ƙarfi a ƙara mana. Tun 1969 akwai dokar 40B da ta ce kowane gari ya kai kashi 10 na gidaje masu rangwame. Shekara hamsin da ɗoriya, garuruwa nawa ne har yau ba su kai ba? Kuma makaranta da 'yan kwana-kwana da harajin gida ake riƙe su, dokar 1980 ta ƙayyade ƙarin da gari zai iya yi a shekara zuwa kashi biyu da rabi. In yara suka ƙaru, daga aljihun wa?

'Yar Damagaram:
Baba, wallahi ban nufe ka ba, a yafe mini. Maganarka ta farko ma ita ce hujjar dokar: an yi ta ne don Weston da Wellesley su ma su ɗauki nasu, kada kullum ya zama Randolph da Brockton da Chelsea.

Batun makaranta kuwa, hukumar tsara yankin Boston, MAPC, ta duba shi a 2017, ba ta ga wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin yawan sababbin gidaje da ƙaruwar ɗalibai ba. Abin da ya fi cika aji shi ne tsofaffi su sayar da manyan gidajensu ga masu yara. Wato, Baban Ilham, kar ka ji haushi, irinku. Kuma sabon gini ba ya cikin ƙayyadewar kashi biyu da rabin nan, ƙari ne a kan harajin da gari ke tarawa. Su dai MAPC ɗin sun zagaya benaye kusan ɗari biyu da tsakar dare suna ƙirga motoci, suka tarar kusan uku cikin kowane gurbi goma na ajiye mota babu kowa.

Maman Sadiq:
Alhaji, tun da an zo nan, gidaje nawa kake bayarwa haya? Mu da ke biya mun san wanda ƙarancin gida yake yi wa daɗi.

Alhaji na Randolph:
Biyu ne, kuma da gumina na saya, ina tuƙa tasi da dare ina aikin ma'ajiya da rana. Ki tambayi waɗanda ke ciki rabon da in ƙara musu ko sisi. Yaran da suka sauka a ɗakin ƙasa na gidana kyauta kafin su samu aiki, wasunsu suna cikin zauren nan suna karantawa.

Shugaban Zaure:
Jama'a, watan Ramadan ne. A yi magana a kan doka da taswira, a bar aljihun juna. Hajiya, Alhaji ubanmu ne a garin nan.

Maman Sadiq:
Na yi kuskure Alhaji, ka yafe ni. Ni ma ɗaya ce daga cikin waɗanda suka ci tuwon gidanka. Gajiya ce da zafin rai. Amma maganata ga Yaya tana nan, ban janye ba.

Alhaji na Randolph:
Ya wuce, 'yata. Allah Ya ba ki gida naki na kanki.

Baban Ilham:
Na bi shawarar Injiniya, bayan tarawihi na buɗe taswirar. Layinmu ba ya ciki ma. Abin da aka shafa wa launi: filin ajiye motoci na tasha, wani tsohon kantin sayar da katifu da ya shekara uku a rufe, banki mai hawa ɗaya da filinsa ya ninka shi uku, da layin shagunan da ke kallon tashar. Sai kuma wani yanki can bakin babbar hanya, mil biyu daga tasha, inda dama akwai benaye. Wato rabi gaskiya rabi wayo, kamar yadda aka faɗa. Unguwar kan tudu mai manyan gidaje, wadda ta fi ni kusa da tashar, ko ɗigon launi babu. Alhaji, a nan kam maganarka ta fito.

Na nuna wa Maman Ilham. Ita ba ta ma tsaya dogon nazari ba, ta ce ƙanwarta da ke gama karatun nas a ina nake so ta zauna, ko a falonmu za ta dawwama? Sannan ta ce in na kafa allon nan a gaban gida, ita za ta cire shi da hannunta.

Abin da ya rage mini shi ne tsohuwar nan. Ban san da wane baki zan mayar mata da takarda babu sa-hannu ba. Jiya da take magana har idonta ya kawo ruwa, tana nuna mini inda mijinta yake tsayawa jiran jirgi shekara talatin. Ba lissafin sassa take yi ba.

Injiniya:
Ka kai mata taswirar a buge a takarda, ku duba tare. Da yawansu ba su taɓa ganinta ba, allon kawai suka gani. Kuma ka gaya mata tun 2 ga Fabrairun 2025 doka ta ba ta damar gina ɗan ƙaramin sashe a bayan gidanta, har ƙafa 900 murabba'i, ba sai da izini na musamman ba. Wata rana mai kula da ita zai iya zama a ciki.

'Yar Damagaram:
Kuma ka je taron. Ko ba ka goyi bayan tsarin duka ba, ka tashi ka tambaye su me ya sa aka tsallake unguwar kan tudu, kuma kashi nawa aka ware na rangwame. Minti uku suke ba kowa. Sunanka da layinku kawai za ka faɗa kafin ka fara.

Baban Ilham:
Matsalar, ƙarfe bakwai na yamma aka sa shi ranar Talata, a ɗakin taron makarantar sakandare. Daidai shan ruwa ke nan.

Ɗan Zongo (Worcester):
In na samu fasinja zuwa wajenku zan tsaya in ga yadda Bazazzagi zai yi wa Turawa jawabi da yunwa.

Maman Sadiq:
Ka zuba dabino uku a aljihu da gorar ruwa, ka yi magariba a mota. Ranar Talata ƙarfe biyar nake tashi daga aiki, zan biyo jirgi in zauna da su Ilham don Maman Ilham ta raka ka. Ka dai zo ka ɗauke ni a tasha, ba na son tafiyar minti bakwai ɗin nan taka da azumi a bakina.